Maganin Shibkau a Hannun Nomau

A wani ƙauye da ke tsakanin Karofane da Buza, inda duwatsu suka fi ƙasar noma yawa, akwai wani mutum ana ce da shi Shibkau. Ranar shuka aka haife shi, sunan ya bi shi. Sunansa na yanka Iliyasu, amma ko shi sai ya ɗan yi shiru kafin ya tuna. Shekarunsa sittin da uku, ko da biyar, ya danganta da wanda aka tambaya, shi ko matarsa Cima.

Ba mai dukiya ba ne. Gona biyu gare shi a kan fako, waɗanda ya huda da tassa, ramukan nan da ake zuba wa taki su riƙe ruwan sama. Sai ɗan lambun albasa a fadama, da jaki ɗaya mai ra'ayin kansa. Abin da aka san shi da shi tayi ne. Kowa a nan ƙasar Adar in zai sa abu a baki gaban mutane yakan ce bismilla, kowa kuma ya san amsar: alhamdu lillahi, na ƙoshi, a wuce wurin. Tayin Shibkau ba irin wannan ba ne. Kafin kalmar ta gama fita hannunsa ya riga ya miƙo, kuma ba ya komawa sai an karɓa. Wanda ya ƙi, Shibkau zai bi shi har ƙofar gida yana tambayar laifin da ya yi masa. Da mutane suka gaji da rakiyar, sai suka koyi karɓa.

An ce tun yana goye ya taɓa sakin nono ya nuna wa akuya. Uwarsa ce ta ba da wannan labari, ta kuwa rasu, babu mai zuwa ya tambaye ta.

Da ƙuruciya ya yi shekara bakwai a Abijan yana tallan agogo da tabarau. Sa'o'insa sun dawo sun yi ɗakunan kwano. Shi ya dawo da rediyo ɗaya da sunan kirki a unguwa uku. Rediyon ma wani ya ara ranar da ya iso, ana cewa har yanzu rediyon yana magana. Lokacin aikin jera duwatsu a Keita, da ake biyan mutane da abinci, ya yi wata huɗu yana karɓar mai da kifin gwangwani. Cima ta ga gwangwani ɗaya, fanko, ta zuba allurai a ciki. Ita mace ce marar yawan magana. Cikin shekara arba'in ta koyi tuƙa tuwon mutum goma a gidan mutum huɗu, ba ta taɓa cewa komai a kai ba, sai dai wani lokaci muciyar takan bugi tukunya da ƙarfin da ya wuce bukata.

A ƙarshen ƙauyen, wajen tsohuwar rijiya, akwai gidan Nomau, taubashin Shibkau, ɗan ƙanwar ubansa. Tare suka tashi, tare suka yi kiwo, amma kamar ba jini ɗaya ba. Goro ɗaya yana yi wa Nomau kwana uku, a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. In zai ci abinci yakan sa a jawo ƙyaure, wai saboda kaji. Babu wanda ya taɓa jin bismilla a bakinsa sai a masallaci. Duk inda suka haɗu, Nomau na kiran Shibkau bawansa, Shibkau na kiran Nomau nasa bawan, kamar yadda taubasai suka gada, daga nan Shibkau ya ɓara goro ya miƙa, Nomau ya karɓa ya sa aljihu.

Ciwon ciki kuwa ya daɗe da Shibkau. Wuta ce ke tashi ƙarƙashin ƙirji, musamman in ciki babu komai. Ya sha jar kanwa, ya sha sabara, ya sha ƙwayoyin masu tebur na ranar kasuwa. Bai ɗauke shi ciwo ba, tunda rabin dattawan da ke zama gindin bedi, wato dogon yaro, a ƙofar masallaci da irinsa suke kwana suke tashi. Amma a shekarar da ake magana abin ya sake. Loma uku sai ya ji ya cika. Wani lokaci ya dawo da ita. Shi bai damu ba, cewa ya yi ma baƙi sun samu ƙari. Cima ce ta lura mazagin wandonsa ya fara zagaya ƙugu sau biyu. Ba ta yi masa magana ba. Ta ari waya ta kira ɗiyarsu Sakina, wadda ke koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, a Yamai.

Haka Shibkau ya samu kansa a wani asibiti a Yamai, da safe, ba ci ba sha. Aka fesa masa wani abu a maƙogwaro, aka kawo baƙin tiyo mai ƴar fitila a baki, aka ce haɗiyewa zai yi, a leƙa cikinsa. Ya dubi tiyon. Ya dubi ma'aikacin da ke riƙe da shi.

"Bismilla," in ji Shibkau.

Ma'aikacin ya ce ya ƙoshi.

Aka tsinko ɗan nama daga bangon cikin aka aika bincike. Bayan mako uku suka koma wurin lokotoro, wata likita mai suna Rukaiya. Ƴar Madawa ce, don haka Hausarsu ɗaya. Ta ajiye takarda, ta juya kujera ta fuskance shi.

"Baba, abu biyu munka gani. Na farko wasu halittu ne ƙanana, ido bai ganinsu, suna zaune cikin bangon tumbinka. Ƙila tun kana yaro sunka shiga, ta ruwan sha ko ta bakin manya. Mutane da yawa suna da su, mafi yawa har su tsufa ba abin da za ya same su."

"Tun ina yaro?"

"Shekara hamsin ko fi."

Shibkau ya dafa cikinsa a hankali. "Ikon Allah. Baƙi gare ni ban sani ba."

Lokotoro ta yi murmushi kaɗan. "Na biyun ya fi nauyi. Jikin mutum yana da masu tsaro cikin jini. Da sunka ga baƙin nan, sai sunka taru wurin don su kore su. Ba su iya ba, ba su kuma watse ba. Shekara da shekaru suna nan suna hayayyafa, har sunka zama kumburi. Wannan kumburin wani iri ne na ciwon daji."

Sakina ta sunkuyar da kai. Fanka na juyawa a sama.

"Amma ka saurare ni," in ji lokotoro. "Naka bai yi nisa ba, kuma irin mai tafiya sannu ne. Rigimar baƙin nan ce ke ciyar da shi. In munka kashe su, a mafi yawan masu irin naka kumburin yakan sace da kansa, sannu sannu, cikin watanni. Ba wuƙa, ba komi. Magani ne kala uku, safe da maraice, kwana goma sha huɗu. Ko ɗaya kar ya wuce ka."

Shibkau ya yi tunani. Abin da ya dame shi ba wanda ya dami Sakina ba ne.

"Ɗiyata, yanzu wanda ya yi shekara hamsin gidanka, sai ka tashi rana ɗaya ka kore shi?"

"Baba, gidan suke ci."

"To," in ji shi. "To. A ba su haƙuri."

Ya iso gida da fakiti uku masu rubutun Faransanci. Washegari bayan sallar asuba ya sha koko, ya fito gindin bedi inda dattawa ke jiran shayin farko, ya zauna, ya ɓallo ƙwayoyi a tafin hannu. Mutum shida ne a kan tabarma. Ya dube su. Su ma suka dube shi.

Cikinsu akwai Baba Tankari, ƙanen ubansa, tsoho mai shekara tamanin da wani abu. Shi ya riƙe Shibkau bayan rasuwar uban, shi ya ba shi hauyarsa ta farko, shi ya taka har gidan su Cima neman aure.

"Na mi ne wanga?" in ji tsohon.

"Na ciki ne, Baba. Daga Yamai."

"Ai kuwa ni ma cikin nan..."

Bai ƙarasa ba hannun Shibkau ya miƙa. Ashe duk mutum shidan suna da ciki. Har Nomau, da ke wucewa zai tafi gona, ya tuna nasa cikin, ya karɓi uku ya sa aljihu.

Cikin kala ukun akwai ƴar ƙarama mai kwantar da wutar ciki nan take. Duk wanda ya dace da ita sai ya kwana lafiya, ya tashi yana ba da shaida. Kafin kwana uku labari ya kai Babankatami. Rana ta huɗu wani ya aiko ɗan kabu-kabu daga Tabotaki da gaisuwa da ƴar leda. Rana ta biyar fakiti uku suka zama fanko. Shibkau ya sha abin da ya samu, kamar yadda ya saba a gaban kowane akushi. Bai taɓa jin daɗin ciwo irin wannan karon ba. Mutane na tare shi a hanya suna sa masa albarka.

Sakina ta kira. "Baba, ana shan maganin?"

"Ana sha, ɗiyata. Wallahi ana sha ƙwarai."

Cima na gefe tana tankaɗe. Ta daina na ɗan lokaci, sannan ta ci gaba.

Bayan mako shida aka koma Yamai, aka yi gwaji. Baƙi suna nan, ko gezau. Lokotoro Rukaiya ta daɗe tana duban takardar, sannan ta dube shi ta saman tabarau.

"Baba, ka sha shi duka?"

"Ya ƙare tas."

"Ba haka na tambaya ba. Kai ka sha shi duka?"

Shibkau ya gyara hula. Ƙarya ba ta cikin halinsa, kuma a ganinsa ba abin kunya ya yi ba. Ya fara jero sunaye yana lanƙwasa yatsu. Da ya gama hannu biyu ya koma na farko, lokotoro ta ajiye alƙalami. Sakina ta rufe fuska da gyale, kafaɗunta na rawa, ba a san kuka take ko dariya ba. Ita ma ta ce daga baya ba ta sani ba.

"Kuma duk sun ji daɗinshi," in ji Shibkau. "Sun ce in gaishe ki."

"Ina amsawa. Yanzu ka ji ni da kyau, Baba. Abin da ka ba su bai warkar da kowa ba. Wutar ce ta kwanta kwana biyu. Halittun nan in sun ɗanɗani magani kaɗan ba su mutu ba, sun gane shi ke nan, gobe bai kama su. Ka koya wa naka, ka koya wa na mutanen garinku. Wancan maganin ya tashi aiki gare ka."

Shibkau ya sauke hannunsa.

"Akwai wani. Ya fi ɗaci, ya fi wuya, sau huɗu a yini bayan an ci abinci, kwana goma sha huɗu. Harshenka za ya yi baƙi, kar ka ji tsoro. In wannan ma ya bi gari, hanyar da ta rage mai tsawo ce. Nan Yamai za ka zauna, wata da watanni, ana ƙarin ruwa ana gasa wurin da na'ura. Damina za ta zo ta wuce ba ka ga gonarka ba. Kuma kumburin ba ya jiran kowa har abada."

Shibkau ya shiga motar Madawa, ya kamo hanyar gida. Ya sayi ƙosai a Dogon Dutsi, ya raba wa fasinjoji, amma ba da walwala ba.

Da suka iso, Cima ta karɓi ledar maganin da hannunta. Ta ce ya dinga sha cikin ɗaki. Ya ce shi ba ɓarawo ba ne da zai ci abu a ɓoye, in mutane suka ji fa? Ta ce to ita za ta riƙe, ta dinga ba shi. Ya yarda. Amma tun kafin a fara, da la'asar ɗin ranar, mutum uku suka yi sallama, sun zo barka da dawowa, kowa dafe da ciki. Shibkau ya leƙo ya ce, "Cima, ɗan kawo ledar nan su gani." A gaban baƙi ya faɗa. Ta san gobe ma a gaban baƙi zai faɗa, jibi ma haka, kuma matar kirki ba ta kunyata mijinta gaban mutane sau huɗu a yini har kwana goma sha huɗu. Ta ce ledar na ƙasan kaya, sai ta nema. Baƙi suka sha ruwa suka tafi.

Ta daɗe zaune bakin murhu. Sannan ta yafa zane, ta sa ledar a hammata, ta nufi tsohuwar rijiya.

Nomau na zaure yana ɗinke tsohon takalmi wanda ya riga ya sha ɗinki.

"Ajiya na kawo maka," in ji Cima.

"Ta ci ce?"

"Ta haɗiya ce. Amma ba taka ba."

Ta yi masa bayani. Maganin daga yau ya bar hannun Shibkau. Nomau ne mai shi. Shibkau zai dinga zuwa sau huɗu a yini, a matsayin baƙo, a ba shi rabonsa ya haɗiye. Mutum ba ya tayi da abin wani a gidan wani.

Nomau ya soke allura a takalmi. "To don mi ni? Ga liman, ga mai gari."

"Liman in an roƙe shi za ya ji tausai."

"Ni fa?"

Cima ta dubi takalmin da ya sha ɗinki.

"An ce sai an ci abinci ake sha," in ji Nomau. "Ni hatsina a ƙirge yake."

"Da akushinshi za ya zo."

Nomau ya ɗan yi lissafi da ido. Ya san akushin Cima, ya kuma san halin mai ɗauko shi. Ya miƙa hannu ya karɓi ledar, ya sa a akwatin ƙarfe, ya kulle, ya rataya mabuɗin a wuya.

Haka aka fara. Da safe a ga Shibkau ya ratsa gari da ƙwaryar koko. Da azahar da fura. Da la'asar da ɗan dambu, da magariba da tuwo. Ya zauna a zauren Nomau, ya buɗe, ya ce bismilla, Nomau ya wanke hannu. In an gama, Nomau ya juya baya, ya buɗe akwati, ya ƙirga ƙwayoyi sau biyu, ya zuba masa a tafi.

"Haɗiye, bawana."

"Kai ne bawa. Wanga abu kamar ana tsotsar ƙusa."

"Buɗe baki in gani. Ɗaga harshe."

Yakan leƙa bakin kamar mai sayen rago ranar kasuwa. Rana ta uku ya ga ƙwaya ɗaya ta ɓace ba a ga maƙogwaro ya motsa ba. Ya fizge hular Shibkau ya kakkaɓe, ƙwayar ta faɗo. Wata tsohuwa ce a maƙwabta ta roƙa. Daga ranar, hula a ƙofar zaure take zama tare da takalmi.

Masu ciki sun biyo sawu, ba su fasa ba. Sai su yi sallama su tsaya suna murmushi suna kallon Shibkau. Shibkau ya dubi ƙasa, gumi na keto masa. Nomau ya ce, "Nan gidana ne. Nan ba a tayi." Babu wanda ya ji haushi, don ba wanda ya zo da tsammanin wani abu daga Nomau. Suka dinga raguwa. Da harshen Shibkau ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, ya buɗe baki zai gaida mutane a masallaci, sauran ma suka ji cikinsu ya yi sauƙi.

Shibkau na ramewa da tashin zuciya da jiri, yana tafiya yana dafa bango. Nomau kuwa, waɗanda suka lura sun ce kumatunsa sun fara fitowa.

Rana ta goma sha ɗaya, da la'asar, an gama dambu, Nomau ya zuba ƙwayoyi huɗu a tafin Shibkau, yana shirin ɗauko ruwa. Sai aka ji ƙarar sanda a bakin zaure. Baba Tankari ne, ya tako tun daga tsakiyar gari, yana tsayawa yana hutawa. Ya shigo ya zauna a hankali, ya jingina sandar.

Nomau ya buɗe baki zai faɗi abin da ya saba faɗa, sai ya rufe. Tsohon kawunsa ne, wan uwarsa. Ba a gaya wa kawu nan gidana ne. Ya ɗaga kai yana duban azarar rufi kamar yau ya fara ganinta.

"Iliyasu," in ji tsohon. "Cikin nan ya hana ni sakat. Wancan da ka ba ni, na ji daɗinshi. An ce ka samo wanda ya fi shi ƙarfi."

Ƙwayoyin na tafin Shibkau, a fili, ba wurin ɓoyewa. Ya dubi hannun tsohon, hannun da ya ɗora nasa a ƙotar hauya. Ya tuna ɗakin asibiti, da fanka, da gadajen ƙarfe a jere. Ya tuna ramukan tassa da ya riga ya zuba wa taki, suna jiran ruwan farko. Ya tuna muryar ƴar Madawa tana cewa bai warkar da kowa ba. Duk wannan a kansa yake. Bakinsa kuwa ba ya shawara da kai, shekara sittin yana aikinsa shi kaɗai.

"Bismilla, Baba," in ji bakin.

Tsohon ya miƙo hannu. Hannun Shibkau ya tashi, ya kama hanyar da ya sani. Ya kai rabi. Sai ya tsaya, ya juya, ya watsa ƙwayoyin huɗu cikin bakin mai shi.

Ba ruwa. Suka tsaya a maƙogwaro. Shibkau ya shaƙe, idanu suka fito, yana dukan ƙirji. Nomau ya zabura ya kawo buta, ya ɗura masa, ya ƙara, har ruwa ya jiƙa riga. Mutanen garin sun ce ba a taɓa ganin Nomau ya zubar da ruwa haka ba. Da ƙyar abin ya wuce.

Hannun Baba Tankari na nan a miƙe. Ya dube shi, ya juya shi, ya mai da shi kan gwiwa.

Shibkau ya durƙusa, hawaye na zuba, rabi na shaƙewa rabi na kunya. "Baba, ka yafe mani. In na ba ka, ni ban warke ba, kai ba ka warke ba. Lokotoro ta ce..."

"Buɗe bakin nan in gani," in ji tsohon.

Ya buɗe. Tsohon ya leƙa baƙin harshen, ya ja da baya kaɗan.

"Tun kana ƙarami nike son in ga ranar da za ka ci abu kai kaɗai," ya ce. "Ashe ba kyan gani."

Nomau ya fashe da dariya har ya riƙe mabuɗin wuyansa. Tsohon ma ya dara, ba haƙora. Shibkau bai yi dariya ba. Washegari da hantsi, bayan ya biya zauren Nomau, ya je ya ɗauro amalanke, ya lallashi jaki, ya shimfiɗa tabarma, ya ɗora tsohon, shi da kansa ya kai shi gidan likita. Aka duba Baba Tankari, aka tambaye shi kofi nawa na shayi yake sha kafin ya karya. Ya ce bai taɓa ƙirgawa ba. Aka ba shi nasa maganin, aka ce ya rage. Ya karɓi maganin.

Kwana ukun da suka rage sun wuce ba labari. Ranar ƙarshe Nomau ya zazzage ledar a gaban Cima, ya nuna mata babu ko ɗaya, ya ninke ledar ya ajiye don wata rana.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, aka yi noman farko. Tsakanin noma da maimai Shibkau ya je Yamai aka yi gwaji, aka ce baƙi sun tashi. Bayan girbi ya koma, ya sake haɗiye tiyo mai fitila. Lokotoro Rukaiya ta juya masa allon ya gani, ko da yake shi bai ga komai ba sai wani abu kamar cikin tumbin rago.

"Ya sace fiye da rabi, Baba. Bai ƙare ba, yana iya ɗaukar shekara ko fi. Duk wata shida ina son ganinka, ko kana jin lafiya. Amma hanyar da muke so ita ya kama."

"Sai mi zan sha yanzu?"

"Ba komi. Ka ci tuwo."

Ya sauka a bakin hanya ya tako gida, mazagin wando ya koma zagaye ɗaya. Dattawan gindin bedi suka tare shi da barka, idanunsu na kan hannunsa. Babu leda.

"Ba ta ba ka komi ba?"

"Ta ce ba abin sha."

Suka dubi juna. Wani ya ce likitocin yanzu sai a hankali, mutum ya biya mota har Yamai ya dawo hannu biyu.

Da magariba Nomau ya yi sallama a gidan Shibkau, abin da ya yi shekaru bai yi ba. Kumatun sun fara komawa inda suka fito. Ya zauna, ya yi barka, ya yi gyaran murya.

"Bawana, ka tabbata ka ji ta da kyau? Irin wanga ciwo ba a yi mashi gaggawa. Ni a ganina a ƙara kwana goma sha huɗu, don a tabbatar. Akwatina na nan."

"Ta ce sun mutu duka."

"Duka? Ko ɗaya bai ɓuya ba?"

Daga bakin murhu Cima ta ce, ba ta ko juyo ba, "In ka ji labarin wanda ya ɓuya, Nomau, ka zo ka gaya mani. Ni zan kawo ledar."